Wa Ke Duba Madatsar Mai Gona?

In an ambaci madatsar ruwa a ƙasar Daura, Sabke da Daberam ake tunawa, su kuwa na Gwamnati ne. Amma akwai wadda ba a zancenta, wato wadda mai hali kan sa katafila ta tare masa rafi a gonarsa, don lambu da shayar da shanu.

Ƙanƙantarta ba hujja ba ce. A Amurka aji uku ake raba madatsun ruwa, bisa ɓarnar da za a yi in sun ɓalle. Wadda ɓallewarta za ta ci rayuka tana aji mafi haɗari, ko da yau lafiyarta lau. Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, Alau a Satumban 2024, alhali kuwa na hukuma ne, masu injiniyoyi. To, ina ga bangon ƙasar da gara da saiwar itace ke ci, babu isasshiyar mafitar ambaliya?

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina ta sa hakimai da dagatai su ƙidaya irin waɗannan madatsun, injiniya ya duba kowace kafin damina, a rubuta ajinta, a kuma sanar da ƙauyukan da ke gangarenta. Kuɗin dubawa kuwa, mai madatsa ya biya.