Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ilimi Ta Jihar Jigawa



Daga Gwiwa nake rubuto muku, inda yaro kan girma bai taɓa ganin teku ba, alhali sawun kakanninsa ya kai gaɓarta. A Elmina ta ƙasar Gana akwai sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, igwoginsa na gadin mashigar jiragen ruwa. A 1637 mutanen Holan suka hau tudun da ke kusa, suka yi masa luguden wuta har suka ƙwace. Ingila ta karɓa a 1872. Shekarar da ta biyo, sojojin Hausawa suka gwabza da mayaƙan Asante a can, ƙarƙashin tutar Bature, abin ba daɗin faɗa.

Don Allah ku sa wannan cikin darasin tarihi, kusa da labarin Ɗantunku na Kazaure.

Wassalam,
Wani malami daga Gwiwa