Sakin 'Ya'yan Kifi a Fadamar Haɗejiya: A Duba Lokaci Kafin Yawa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar Haɗejiya zuwa Nguru ta daina zuwa yadda masunta suka santa. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kamu ya ja baya. Shi ya sa shawarar ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi a zuba a tafkuna take da farin jini. A ganina, yawan abin da aka zuba ba ya nuna nasara. Abin dubawa shi ne yaushe aka sake su, kuma suna da wane girma.

Masu kiwon kifin salmon a kogin Kolumbiya na Amurka sun daɗe da gane haka. Ɗan salmon yana da ɗan taƙaitaccen lokacin da jikinsa ke shirya wa ruwan gishiri. In aka sake shi kafin nan, sai ya yi ta ragaita a kogi har a cinye shi. In aka makara, shirin ya wuce.

Tarwada ba ta zuwa teku, amma ita ma tana da lokacinta. Takan yi ƙwai ne sa'ad da ruwa ya hau ciyawa, inda 'ya'yanta ke samun abinci da mafaka. Wanda ya saki 'ya'ya a watan Agusta, ruwa na hawa, ya bi wannan tsari. Wanda ya saki a Disamba, ruwa na janyewa, ya tara su ne wa tsuntsaye da manyan kifaye da koma mai ƙananan idanu.

Girma ma haka yake. Ƙarami ƙwarai abincin 'yan'uwansa ne, domin tarwada na cin junanta. Wanda ya daɗe a kwamin siminti kuwa ya saba da abincin hannu, bai san gudun maƙiyi ba.

A nan aikin manazarta Hausa ya shigo. Sarakunan ruwa da tsofaffin masunta na yankin Baturiya suna riƙe da sanin hawa da saukar ruwa, da sunayen kifi a matakan girmansa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya kamata sassan Hausa su taskace wannan sani, su miƙa wa masana kifi kafin a tsayar da ranar saki.