Rufin Zangon Lome zai iya sayar wa CEET wuta, in ba a manta da 'yan haya ba

Tsakanin hantsi da la'asar, rana na dukan kwanon gidajen Agoè-Zongo da Togblekope ba sassauci. Gidan da ya sa farantan sola, yawanci kafin azahar batirinsa ya cika, daga nan duk wutar da farantan za su iya bayarwa sai ta tafi a banza, domin babu inda za a zuba ta. A daidai wannan lokacin ne ofisoshi da bankunan tsakiyar Lome, da tashar jiragen ruwa, da masana'antun Adetikope ke shan wutar da kamfanin lantarki na Togo, CEET, ya sayo da tsada. Ra'ayina shi ne ya kamata a bai wa magidanci dama ya tura rarar wutar rufinsa cikin layin CEET, a rubuta masa, a cire daga abin da zai biya. Sai dai amfanin wannan tsari ga mutanen Zango ya dogara ne kacokan a kan yadda aka tsara shi. Idan aka kwafo shi yadda ake yi a unguwannin masu hali, inda gida ɗaya iyali ɗaya ne da mita ɗaya, to zai wuce ta kan Zango bai taɓa kowa ba, har ma yana iya ƙara wa talaka nauyi.

Togo ba ta cikin ƙasashen da za su yi wasa da kowace irin wuta da aka samar a gida. Tun 1968 ita da Benin suka kafa hukumar CEB don sayo wuta, da farko daga madatsar Akosombo ta Ghana, daga baya har da Najeriya. Madatsar Nangbeto da ke kan kogin Mono, wadda ta fara aiki a 1987, megawat 65 ce, kuma ƙasashen biyu ne ke raba ta. Tashar ContourGlobal mai megawat 100 da ta Kekeli mai megawat 65, dukansu a Lome, suna dogara da iskar gas da ake turowa ta bututu daga Najeriya, in kuwa gas ya yanke sai a koma ga mai, wanda ya fi tsada. Mutanen Lome ba su manta da 2024 ba, lokacin da ƙarancin gas ya sa aka riƙa raba ɗauke wuta unguwa-unguwa, mai sayar da ƙanƙara da tela da mai walda suka wuni zaune. Gwamnati ta san wannan rauni, shi ya sa aka buɗe tashar sola ta Blitta a 2021 da megawat 50, aka ƙara ta zuwa 70. Aiki ne mai kyau. Amma Blitta na da nisan fiye da kilomita 250 daga Lome, wutarta sai ta bi dogon layi, wani kaso ya zube a hanya. Wutar da ta fito daga rufin wani gida a Zango kuwa, firjin maƙwabci ne zai shanye ta kafin ta wuce taransifomar unguwa. Ba a sayi fili ba, ba a kori manomi ba, kuma ba baitulmali ne ya biya kuɗin farantan ba.

Ga magidanci, lissafin a fili yake. A yanayin Lome, farantan kilowat ɗaya kan ba da kusan yunit huɗu a rana, ƙasa da haka in damina ta rufe sama ko ƙurar hunturu ta kwanta a kansu. Farantan sun yi arha ƙwarai a 'yan shekarun nan, kuma suna kai shekara ashirin suna aiki. Abin da ke karya aljihu shi ne batir, mai tsada da saurin mutuwa. Idan layin CEET zai karɓi rarar rana ya mayar da ita da dare, mutum zai iya rage batir ko ya haƙura da shi, kuɗin shiga harkar ya sauko zuwa inda ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi zai iya kaiwa. Abin da ake buƙata shi ne mita mai ƙirga shiga da fita. Mitar kati da aka saba da ita ba a ƙera ta don haka ba, wasu irinta ma in wuta ta bi ta baya sai su ƙirga ta tamkar an sha, mutum ya ba da kyauta kuma a caje shi. Tunda jama'a sun riga sun saba sayen wutar wannan mitar kati, wato Lafia, ta wayar hannu, babu dalilin da zai sa a ƙirƙiro wata sabuwar hanyar biya: a ƙarshen wata a turo wa mutum lambar yunit ɗin da ya samu, ya danna a mitarsa kamar kullum.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan tsari ita ce ta kuɗin CEET, kuma ba hujjar rainawa ba ce. Kuɗin yunit ɗaya ba na wutar kaɗai ba ne. A cikinsa akwai na turaku da wayoyi da taransifoma da albashin masu gyara. Mai sola yana ba da wuta da tsakar rana, amma yana karɓa bayan magariba, lokacin da kowa ya kunna fanka da talabijin kuma wuta ta fi tsada ga kamfani. Idan aka ce yunit ɗin rana daidai yake da na dare, to mai sola ya daina biyan kuɗin layin da yake amfani da shi, kuma wanda ba shi da halin sayen faranti shi zai cike giɓin. An ga haka a wasu wurare. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta daɗe tana biyan cikakken farashi, har a 2023 ta zaftare kusan kashi uku cikin huɗu na abin da take biyan sababbin masu shiga. Pakistan ta fara tsarin a 2015, farantan China suka cika ƙasar, a 2025 gwamnati ta yi yunƙurin sauko da farashin sayen rarar daga kusan rupi 27 zuwa 10 a kan kowane yunit, aka yi ta ƙorafi. Darasin da ke nan bai ce a bar tsarin ba, ya ce a sa farashin gaskiya tun ranar farko. Mutanen Zango, jikokin fataken shanu da goro, sun fi kowa sanin cewa mai masaukin da ya ajiye maka kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya maka a kan bashi, yana da la'adarsa. CEET ma haka: ta sayi rarar a kan abin da za ta kashe in da ta sayo wutar daga waje ko ta ƙona mai, a ƙara ɗan abin da ta tsira da shi na asarar layi, bambancin ya zama nata. Wannan farashi zai gaza wanda take sayarwa, amma ya fi asarar da ake yi yanzu nesa ba kusa ba. Kuma hukumar ARSE mai sa ido kan harkar wuta ce ya kamata ta yanke shi ta bayyana wa kowa, ta ɗaure shi na wasu shekaru, don kada mutum ya ci bashi a kan wani farashi a wayi gari an sauya masa.

Inda na fi damuwa shi ne wa zai ci moriyar. Zangon Lome na asali a tsakiyar birni yake, har 1977 da hukuma ta rushe shi ta mayar da mutanensa can arewa, bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. Unguwar da ta taso a nan ta baƙi ce da masu saukar baƙi, gidajenta da yawa na haya ne, ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida, iyalai da dama a ƙarƙashin rufi ɗaya. A irin wannan gida rufin na mai gida ne, kuɗin wuta kuwa 'yan haya ke biya, sau da yawa ta hanyar karo-karo a kan mita ɗaya, ana ƙirga kwan fitila da fanka ana gardama. Mai gida ba shi da dalilin kashe kuɗi don rage wa wani nauyi, ɗan haya kuma ba zai kafa faranti a rufin da za a iya tashinsa daga ƙarƙashinsa da gajeriyar sanarwa ba. Dokar da ta ce mita ɗaya, rufi ɗaya, mutum ɗaya, ta fitar da duk waɗannan mutane ba tare da ta ambace su ba. Maganin ba sabo ba ne a duniya. Brazil ta fara tsarin a 2012, a 2015 ta gyara shi yadda mutane da yawa za su haɗu a kan farantai ɗaya a raba musu yunit a mitocinsu gwargwadon rabon da suka rubuta. Faransa, wadda dokokin Togo ke yawan kallon nata, ta amince da irin wannan haɗaka tsakanin maƙwabta tun wajen 2017. A Zango wannan na nufin mai gida da 'yan hayarsa su yi yarjejeniya, ko kuma a yi amfani da manyan rufin da unguwar ke da su, na masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya da rumfunan kasuwa, waɗanda ba sa shan wuta sosai da rana. Kwamitin masallaci zai iya tara hannun jari daga magidanta ashirin ko talatin, kowa ya ga rabonsa a mitarsa, ko da ya sauya gidan haya.

Saura kuɗin farawa. Nan ma akwai abin koyi a Tunisiya, inda tun 2010 shirin Prosol Elec ya sa ana ba magidanci rance ya sa sola, yana biya sannu a hankali ta takardar kuɗin wutar kamfanin lantarkin ƙasar, STEG. Togo kanta ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani: shirin CIZO da aka fara a 2017 ya kai ƙananan kayan sola ƙauyuka ana biya kaɗan-kaɗan ta waya, asusun Tinga kuma ya sa ana jona wa gida wuta da sefa 1,000 a biya sauran daga baya. Abin da aka yi wa ƙauye ba zai gagara a bakin birni ba. Dokar 2018 kan samar da wuta daga rana da makamantanta ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, amma ƙofar da sai mai lauya da injiniya zai iya shiga ba ta talaka ba ce.

Dole kuma a faɗa wa mutane gaskiya a kan abin da tsarin ba zai yi ba. Inbata, na'urar da ke haɗa farantan da layi, tana kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, kuma haka ya dace, don kada ta tura wuta cikin wayar da ma'aikaci ke gyarawa ta hallaka shi. Wanda yake son firizarsa ta ci gaba da aiki lokacin ɗauke wuta sai ya ajiye ɗan batir. Taransifomar da aka kafa don wuta ta bi hanya ɗaya kuma tana da iyakar abin da za ta ɗauka ta baya. Waɗannan dalilai ne na a tantance masu haɗa kayan, a ƙayyade adadin da kowace taransifoma za ta karɓa, ba na a hana ba.

Saboda haka abin da ya kamata sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kai gaban magajin garin Togblekope da ARSE da CEET ƙarami ne kuma a bayyane: a zaɓi taransifoma kaɗan a Agoè-Zongo a gwada na shekara biyu, da mita mai ƙirga shiga da fita wadda za a biya kuɗinta a hankali, da takardar neman izini mai shafi ɗaya da wa'adin amsa, da farashin da aka buga kowa ya gani, da izinin raba yunit tsakanin mitoci da yawa. A ƙarshen gwajin a fitar da alƙaluma: nawa CEET ta rage sayowa da rana, nawa ta rasa na kuɗin shiga, kuma cikin waɗanda suka amfana, nawa ne 'yan haya.