Mashi ko Ƙugiya: Gardamar Masuntan Minesota

A jihar Minesota ta ƙasar Amurka, idan hunturu ya kankama, tafkuna kan daskare har mota ta bi ta kansu. A lokacin ne wata tsohuwar gardama ke tashi tsakanin masunta, a kan wani dogon kifi mai kaifin haƙora da suke kira faik.

Mai mashi yakan huda ƙanƙara, ya kafa ɗan ɗaki mai duhu bisa ramin don ya hangi cikin ruwa, sannan ya zura kifin katako yana kaɗawa. Da faik ya ruɗu ya matso, sai suka. 'Yan asalin yankin sun san wannan dabara tun kafin zuwan Turawa. Masu ƙugiya kuwa kukansu ɗaya ne: abin da suka kama suna iya auna shi su sake shi, amma wanda mashi ya soka, tasa ta ƙare. Suna zargin masu mashi da ƙarar da manyan kifaye, waɗanda galibinsu mata ne masu yawan ƙwai.

A ganina zargin bai cika adalci ba. Mai mashi yana ganin kifi kafin ya soka, yana iya ƙyale babba ya wuce. Kifin da ya haɗiye ƙugiya kuwa sau da yawa mutuwa yake yi bayan an sake shi.

A shekarar 2018 hukumomin jihar suka raba ta shiyya uku, kowace da ƙa'idar yawa da tsawon faik da za a ɗauka. Wannan ita ce hanya. A sa wa haɗama linzami, a bar kowa da kayan sana'arsa.