Tuban Muzuru: Wai Dole Ne Sai An Yafe Wa Muguwar Kishiya a Ƙarshen Fim?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari a Kwanar Ɗangora, ko ya san yadda mata ke kewaye talabijin ɗaya a tsakar gida a Bebeji bayan sallar isha'i, ya san akwai wani wuri a fim ɗin Hausa da ake yawan jin tsaki. Wurin nan ne na dab da ƙarshe, saura minti biyar a rubuta "Alhamdulillah". Muguwar kishiyar nan da ta shafe fim na ɗaya da na biyu tana zaryar gidan boka, ta sa aka saki uwargida, ta raba ɗa da ubansa, ga ta nan kwance a gadon asibiti an naɗe mata kai da bandeji. Sai ta sa a tara mata kowa, ta fashe da kuka: "Don Allah Yaya ki yafe mini, sharrin Shaiɗan ne." Yaya kuwa, wadda aka kora da tsohon ciki cikin ruwan sama, sai ta share hawaye ta ce, "Ba komai, na yafe miki duniya da lahira." Shi ke nan fa, sai kiɗa.

A nan 'yan kallo kan rabu biyu. Wasu su ce ai haka ya dace, fim wa'azi ne, kuma ƙofar tuba a buɗe take ga kowa. Wasu kuma, galibi mata, su ce wallahi an raina musu hankali, sun so su ga ta haukace tana tsince-tsince a bola. Kowane ɓangare da 'yar gaskiyarsa, amma duk sun tsallake ainihin inda gizo ke saƙar.

Tuba a wajen malamai tana da sharuɗɗa: mutum ya bar laifin, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. In kuma laifin ya shafi haƙƙin wani, akwai na huɗu, wato ya mayar da haƙƙin ko ya nemi mai shi ya yafe. To mai karatu ya tuna finafinan kishi nawa ya gani da aka nuna wannan na huɗun? Sarƙar gwal ɗin da aka ce uwargida ta sata, wa ya je ya wanke ta a gaban dangin miji da aka tara aka ci mata mutunci? Yaron da aka cire daga makaranta ya koma turin baro, wa ya maido masa shekarunsa? Muguwar ba ta tuba ba sai da asiri ya karye, boka ya mutu, mota ta kaɗe ta. Wannan shi Bahaushe ke kira tuban muzuru, ana tuba kaza na baki. Da motar ba ta zo ba, da yanzu tana gidan wani bokan.

Abin haushin, daraktan da zai kwashi 'yan wasa da kaya ya tafi Tiga, ya wuni a bakin dam yana ɗaukar waƙa ɗaya ana sauya sutura kala biyar, shi ne zai zo kan sin ɗin da labarin gaba ɗaya ya rataya a kansa ya ɗauke shi a gurguje a ɗaki guda.

Mai son ganin yadda gwanaye ke yi, ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka mai da shi fim a 1998, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi uwar 'ya'yansa tara. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, har ta aurar da Saudatu ga mai hali. Can kuma alhaki ya biyo ubangidansa: gobara ta cinye shagon Alhaji, ya gano Delu na cin amanarsa, ya wayi gari ba shi da ko sisi. Sai ga shi ya dawo yana neman Rabi. Ba ta tare shi da guɗa ba. Sai da aka taru a kanta ana ba ta baki, ana matsa mata, kafin ta karɓe shi, kuma gidan da ya dawo ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba, don yanzu guminta ake ci. Mai karatu zai rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro, yana tambayar kansa ko an yi wa Rabi adalci. Marubuciyar ba ta ɓoye cewa wannan yafiya Rabi ce ta biya kuɗinta ba. Kuma a lura, babban mai laifi a labarin ba Delu ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su Indiyawan da aka koyo rawa da waƙa a wajensu ma ba kowane bos suke wankewa ba. Gabbar Singh na Sholay, fim ɗin 1975, bai nemi gafarar kowa ba. A yadda Ramesh Sippy ya fara ɗauka, Thakur kashe shi ya yi. Hukumar tace finafinai ta Indiya ce ta ƙi, aka sauya aka miƙa shi ga 'yan sanda. Mogambo na Amrish Puri a Mr. India, 1987, da muguntarsa ya ƙare. In kuma suna son mugu ya shiryu, tun da wuri suke yi: Sher Khan na Pran a Zanjeer, 1973, tun farkon fim ya yi dambe da Amitabh Bachchan, ya rufe gidajen cacarsa, sauran fim ɗin kuma 'yan kallo suka gani da idonsu yadda ya tsaya wa abokin nasa. Ko samarin yanzu masu kallon katun ɗin Japan a waya sun san Malty ta Tate no Yuusha, gimbiyar da ta yi wa jarumin ƙazafi tun a farko. Da aka tona mata asiri a gaban jama'a aka yi, kamar yadda ta ɓata shi a gaban jama'a.

Akwai kuma haƙƙin ɗan wasa. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, ta yi suna ne da fitowa a muguwar uwa ko muguwar kishiya, har wasu 'yan kallo suka ɗauka haka halinta yake a gida. Irin wannan 'yar wasa, in ta ɗauki awa biyu tana gina mugunta da harara da murguɗa baki, sai marubuci ya rushe ginin da kuka na minti uku, ai ya zubar mata da aiki. Rol ɗin mugu ba ƙaramar wahala ba ce, kuma shi ke sa a ji tausayin jaruma.

Wannan magana ba ta nishaɗi kawai ba ce. Daga Kiru zuwa Tudun Wada har Doguwa, cikin masu kallon nan akwai yarinyar da uwarta ke zaune a gidan iyayenta saboda abin da aka ƙulla mata, akwai 'yan uban da ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Fim ɗin da ke nuna wa yarinyar nan cewa macen kirki ita ce wadda ake taka ta ce "ba komai" nan take, yana gaya mata cewa ciwon da ke ran uwarta rashin imani ne. Alhali addini ya bai wa wanda aka zalunta zaɓi: ya yafe ya sami lada, ko ya nemi haƙƙinsa.

Don haka ba laifi muguwa ta shiryu. Amma furodusa ya bari a ga shiriyar tun tana da lafiyarta da ƙarfinta, asirinta bai tonu ba, ta taka da ƙafarta da rana tsaka zuwa gidan da ta ɓata wa suna. A ga abin da gaskiyar ta jawo mata, ko da igiyar aurenta ce. A kuma ƙyale uwargida ta yi shiru na kwana biyu, ko ta ce ta yafe amma ba za ta koma ba. Yanzu da ake yin finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Daɗin Kowa, ba wanda zai ce kaset ne ya kusa ƙarewa. In kuwa labarin bai da wurin duk wannan, a bar ta ta girbi abin da ta shuka. 'Yan kallo ba za su kai ƙara ba.

Sai kuma Alhaji. A sake duba sin ɗin asibitin nan da kyau. Yana tsaye a gefen gado cikin babbar riga, shi da ya rubuta takardar saki bai yi bincike ba, shi da ya raba kwana da cefane yadda ya ga dama. Da matan suka gama kuka, shi ne ke ɗaga hannu ya ce, "To, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Har aka rubuta sunayen 'yan wasa ba wanda ya ce masa ya ba da haƙuri.