Buddy Rich: Gwanin Ganga Ne Ko Azzalumin Ubangida?

Yau ba Kannywood za mu leƙa ba, ba kuma Indiya ba. Amurka za mu je, wajen wani makaɗi da ya mutu tun 1987, amma har gobe masoya kiɗa ba su daina musu a kansa ba. Sunansa Buddy Rich.

Duk wanda ya kalli fim ɗin Whiplash ya ji sunan nan, don shi ne gwanin da yaron fim ɗin yake son ya zama. Idan kuma kana yawo a YouTube ko TikTok, ƙila ka taɓa cin karo da wani dattijon Bature ya sunkuya a kan jerin ganguna, gumi na zuba, hannayensa na gudu har ido ba ya iya bin sandunan. To shi ne. Abin da ya sa na ɗauko maganarsa shi ne, na lura 'yan zamaninmu abu biyu kawai suka sani game da shi: saurin hannu da masifa. Har wasu sun haɗa biyun sun yanke hukunci, wai masifar ce ta haifi gwanintar, wai in ba a ci maka mutunci ba ba za ka zama wani abu ba. Wannan karatun ne ban yarda da shi ba, kuma ina ganin ya shafe mu nan gida.

Wane ne shi?

An haifi Buddy Rich a unguwar Brooklyn ta birnin New York ranar 30 ga Satumba 1917. Iyayensa 'yan wasan dandali ne masu yawo gari-gari, kuma tun bai cika shekara biyu ba suka fara hawa dandali da shi yana buga ganga. Wato shi bai san wata ƙuruciya ba sai aiki. Kafin ya mallaki hankalin kansa ya riga ya zama mai kawo kuɗi gida.

Da ya girma sai ya faɗa kiɗan jaz, a lokacin da manyan ƙungiyoyin makaɗa ke tashe. Ga wanda bai san tsarin ba, ka ɗauka kamar 'yan badujala ne, amma a zaune a zauren rawa: mutum goma sha biyar zuwa sha bakwai, yawanci masu busa, ga mai fiyano, ga mai babban gita na tsaye, sai mai ganga a baya yana riƙe da kowa. A 1939 ya yi aiki da Artie Shaw, daga nan ya koma wajen Tommy Dorsey, inda ya haɗu da wani matashin mawaƙi mai suna Frank Sinatra. Su biyun kowa na ji da kansa, sun sha rigima ba kaɗan ba. Amma da Rich ya tashi kafa tasa ƙungiyar bayan yaƙin duniya na biyu, Sinatra ne ya zuba masa kuɗi. Da ya mutu ma, Sinatra na cikin waɗanda suka yi jawabi a wajen jana'izarsa.

Wani abin mamaki, mutumin nan bai iya karanta rubutun kiɗa ba. In an kawo sabon kiɗa, sai wani ya zauna ya buga yana saurare, shi ke nan ya haddace, ya hau ya buga fiye da wanda ya karanta. Kunne ne da ƙwaƙwalwa, baiwa ce daga Allah.

Abin da masoyansa ke tunawa

Yabon gwani ya zama dole. Tsofaffin da suka gan shi ido da ido sukan yi maganar hannunsa na hagu, yadda yake iya fara kaɗa ƙaramar ganga a hankali kamar yayyafi a kan kwano, ya yi ta ƙara sauri ba tare da bugu ɗaya ya fi wani ƙarfi ba, har zauren ya ɗauka. Sukan tuna karawarsa da Gene Krupa a zauren Carnegie a 1952. Sukan tuna yawan fitowarsa a shirin talabijin na Johnny Carson, da kuma ranar da ya kara da Animal, 'yar tsanar nan mai haukan ganga ta shirin Muppet Show. Yara da yawa a Amurka da Ingila daga irin waɗannan shirye-shirye suka fara sha'awar ganga.

Amma ni a wajena babban abin da ya yi ba a hannu yake ba. A ƙarshen 1946 manyan ƙungiyoyi da dama sun watse, saboda biyan mutum sha shida albashi da kuɗin mota da masauki ya fi ƙarfin kasuwa. Zuwa 1966 kuwa, zamanin su Beatles ne, matasa sun koma kan gita, kowa ya ɗauka an yi jana'izar babbar ƙungiya. A daidai wannan shekarar Rich ya bar aikinsa mai tsoka a wajen Harry James ya sake kafa tasa. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, shi kuwa sai ya ɗauko kiɗan zamani ya zuba shi a tsohon tsari. Kiɗan West Side Story da aka harhaɗa masa, mai tsawon sama da minti goma, ya zama tambarinsa. Masoya fim kun san labarin, shi ne wanda Steven Spielberg ya sake yi a 2021. Da wannan ƙungiya ya yi ta yawo a bas kusan ba hutu har ƙarshen rayuwarsa, yana wasa har a makarantun sakandare da jami'o'i, yana ɗaukar yara sabbin gama karatu. A 1983 an yi masa babban aikin zuciya, ba a jima ba ya koma kan ganga. Ya mutu a Los Angeles ranar 2 ga Afrilu 1987, bayan aikin da aka yi masa na ƙari a ƙwaƙwalwa.

Bayan mutuwarsa, Neil Peart na ƙungiyar Rush ya tara manyan masu ganga na duniya suka yi faifan girmamawa mai suna Burning for Buddy a 1994. Ka ga ba 'yan kallo kaɗai ke yabonsa ba, har abokan sana'a.

Kaset ɗin cikin bas

Ga inda gizo ke saƙar. A farkon shekarun 1980 mai fiyanon ƙungiyar, Lee Musiker, ya riƙa naɗar muryar ogan a ɓoye lokacin da yake sauke wa yaransa kwandon masifa, yawanci a cikin bas bayan an tashi wasa. Kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu tsakanin makaɗa da 'yan barkwanci, har Jerry Seinfeld ya ɗebi wasu kalamai ya saka a shirinsa. Yau yana intanet kowa na iya ji. Ba zan kawo muku kalaman ba, don ashar ne zalla. Yana zaginsu, yana cewa zai kore su, har akwai wanda ya tasa a gaba saboda ya ƙi aske gemu.

A nan masoya suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa ai mutumin kishin aikinsa ne, shi da ya haura sittin da ciwon zuciya yana ba da duk ƙarfinsa kowane dare, ba zai lamunci ɗan shekara ashirin da biyu ya yi masa wasa da aiki ba. Suna kafa hujja da cewa wasu yaransa sun daɗe tare da shi, kamar mai busa Steve Marcus da ya yi sama da shekara goma, kuma da yawa cikin waɗanda suka yi aiki da shi sun ce in guguwar ta wuce mutum ne mai barkwanci da kyauta. Ɗaya ɓangaren na cewa wulaƙanci wulaƙanci ne, ko daga bakin wa ya fito.

Akwai ma ɓangare na uku, masana jaz da ke ganin an cika zuzuta shi. Su a wajensu su Jo Jones da Max Roach da Art Blakey da Elvin Jones ne suka sauya yadda ake buga ganga, amma da yake baƙaƙen fata ne a Amurkar wancan lokaci, ba su samu hasken talabijin irin nasa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Shi kansa Rich bai ɓoye girmamawarsa ga Chick Webb da Jo Jones ba. Kuma in ka duba namu na Najeriya, Tony Allen, mai gangar Fela, su Blakey da Roach ya fi ambata a matsayin waɗanda ya koya daga faifansu, har ya yi faifan girmama Blakey a 2017.

Inda Whiplash ya rikita lissafi

Whiplash ya fito a 2014, Damien Chazelle ya ba da umarni, ya ci kyautar Oscar uku, ciki har da ta J.K. Simmons wanda ya fito a malamin nan Fletcher. Fim ne mai kyau, ban musa ba, minti goman ƙarshe kaɗai sun isa su hana ka kiftawa. Amma da yawa sun kalle shi a juye. Sun ga malami na jifa da kujera, yana mari, yana zagin iyaye, yaro na buga ganga har jini na ɗiga, a ƙarshe ya yi bajinta, sai suka ce ka ga ni, dukan ya yi rana. Sun manta a cikin fim ɗin akwai tsohon ɗalibin malamin da ya kashe kansa. Sun manta yaron ya rabu da budurwarsa, ya yi hatsarin mota, ya zama ba shi da kowa. Shi kansa Chazelle ya faɗa a hira cewa ba ya hango wa yaron kyakkyawan ƙarshe.

Hatta labarin da malamin ke kafa hujja da shi an ƙara masa gishiri. A fim an ce Jo Jones ya jefi kan Charlie Parker da faifan ƙarfe na ganga, saura ƙiris ya kashe shi. Yadda masu tarihin jaz suka kawo shi, a ƙasa ya jefar da shi kusa da ƙafarsa, alamar ya sauka daga dandali. Kunya ce aka ba shi, ba yunƙurin kisa ba.

To yanzu ku auna da kyau. Buddy Rich ya zama Buddy Rich tun kafin a naɗi kaset ɗin nan da shekara arba'in. Yaran da yake zagi kuwa sun iya aikinsu kafin su hau bas ɗinsa, shi ya sa ma ya ɗauke su. Abin da ya sa ƙungiyar ta yi zarra shi ne wasa kusan kowane dare, da ƙwararrun masu tsara kiɗa, da kuma oga wanda shi ne ya fi kowa shan wahala a kan dandali. Zagin kaya ne da suka ɗauka a kan aikin, ba shi ne aikin ba.

In kana son shaida, nemi faifan Ella and Louis na 1956, na Ella Fitzgerald da Louis Armstrong. Mai gangar da ke bayansu, wanda da ƙyar za ka ji shi, yana shafa ganga da burushin waya a hankali kamar mai shara da asuba kada ya tashi mutanen gida, Buddy Rich ne. Mutumin da ake yi wa kallon sarkin hayaniya ya san inda ake yin shiru. Wannan ba ya shiga bidiyon minti ɗaya, don ba ya tara masu kallo.

Me ya shafe mu?

Mu ma masana'antarmu a kan tsarin ubangida da yaro take tafiya, a fim ne ko a situdiyo. Tsarin yana da amfaninsa, da yawan taurarinmu ta nan suka taso. Amma mun sha jin koken yaran da ake yi wa tsawa a gaban jama'a a wajen ɗaukar fim, ko wanda ya kwana yana haɗa kiɗa waƙa ta fito ba sunansa ba ladansa. In ya yi magana sai a ce ai ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma an ce a tanƙwara, ba a ce a karya ba. Kuma mafi yawan masu kwaikwayon zafin Buddy Rich ba su da ko rubu'in hannunsa. Masifar ce mai sauƙin koya.

Tony Allen ma darasi ne. Ya yi kusan shekara goma sha biyar da Fela, shi ne ƙashin bayan kiɗan, amma a ƙarshen shekarun 1970 ya tattara ya bar ƙungiyar saboda maganar haƙƙi. Gwani in bai riƙe mutanensa da kyau ba, wata rana zai waiga ya ga ba kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin da nake so mu ɗauka daga labarin nan, wato daraja mai ganga. Dukkanmu mun san Mamman Shata, amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan masu kalangunsa? Yau kuma abin ya ƙara nisa, fiyano da kwamfuta sun maye gurbin hannu, yaro ɗaya a ɗaki zai haɗa maka kiɗan da da sai mutum goma. A can kuwa mai ganga ne ya zama shugaban ƙungiya, sunansa ne a jikin bas, kuma shekaru da dama bayan mutuwarsa ana ta musu a kan hannunsa na hagu. Ina ma a ce masu kalangu da kotso da dundufa namu sun samu ko rabin wannan kulawa.

Hukuncina dai shi ne: Buddy Rich gwani ne na gaske, kuma ya zalunci yaransa da baki. Duka biyun gaskiya ne, ɗaya ba ta goge ɗaya. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ka saurari West Side Story ɗinsa ka sha mamaki, ka saurari Ella and Louis ka ga natsuwa, sannan ka nemo Max Roach da Art Blakey da Tony Allen ka auna da kunnenka. Amma ranar da wani oga ya ci maka mutunci ya ce ai haka manya suka yi, ka tambaye shi ko ya iya abin da manyan suka iya.

Ku kuma me kuka gani? Gwaninta tana wanke mugun hali, ko kuwa kowanne da mazauninsa? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.