Wayar Iska a Lambu: A Bar Yara Su Gwada

A wannan mako zancenmu a kan wata gardama ce da ta tashi a Kambarawa, nan Katsina, tsakanin wani mai lambu da ɗansa, har aka nemi jin ta bakina.

Yaron ɗan makaranta ne, yana koyon aikin lantarki. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo waɗansu ƙananan alluna, ko wanne bai kai tafin hannu ba, ya ce zai sa ɗaya a bakin rijiyar lambu, ɗaya a kan injin ban ruwa, ɗaya kuma a gida, su riƙa magana da juna ta wayar iska. Uban ya ce wannan wasa ne, gara a sayi taki. Ni a ganina yaron yana da gaskiya, amma uban ma ba a rasa tasa ba. Ga dalilina.

Ko wane mai noman rani ya san irin hasarar da a kan yi in ruwan rijiya ya janye inji yana gudu. Ya sha mai a banza, ya yi zafi, wani lokaci har ya lalace, latas da tumatir kuwa ba su san haƙuri ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ko kwalba guda ba abin zubarwa ba ce. Ga kuma ɓarayin inji da dare. To, abin da zai gaya wa mutum yana gida cewa ruwa ya yi ƙasa, ko an taɓa inji, ai ya wuce wasa.

Ga yadda abin ya ke. Akwai allo mai ƙwaƙwalwa, irin wanda a ke kira Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai. Shi ne ke karɓar labari daga ma'aunin ruwa ko na damshin ƙasa. Sai a haɗa masa ɗan rediyo mai aikawa da karɓa. Ko wane rediyo a ba shi lambarsa, kamar yadda ko wane gida ke da mai shi, a kuma ɗora su duka bisa tasha guda, in ba haka ba ba za su ji juna ba. Guda ɗaya shi ne uwa, yana zaune a gida, saura su kawo masa labari. In ya karɓa sai ya amsa, in mai aikawa bai ji amsa ba ya sake aikawa. Wanda ya yi nisa kuwa sai na tsakiya ya karɓa ya miƙa, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu. Tsakaninsu babu kuɗin kati, sai in ana so uwar ta tura saƙo zuwa wayar hannu.

Rediyon nan iri iri ne. Akwai mai araha da a ke kira nRF24L01, na wani kamfani a ƙasar Norway. A fili ya kan kai wajen yadi 100, amma katangar ƙasa da ganyen mangwaro su kan rage masa ƙarfi ainun. Akwai kuma LoRa, wanda aka ƙago a Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye fasahar a 2012. Shi ya kan kai mil ɗaya ko biyu, har fiye in an ɗaga eriya, sai dai ba ya ɗaukar murya ko hoto, sai gajeren saƙo. Manomi kuwa me ya ke nema da ya wuce "ruwa ya janye"?

Yanzu ga inda uban ke da gaskiya. Abin da ya yi aiki a kan tebur cikin ɗaki ba lalle ne ya yi a lambu ba. Akwai ƙurar hunturu, akwai zafin bazara, akwai ruwan damina, ga akuya mai tauna waya. Ɗan rediyon nan mai araha wuta volt 3.3 ya ke ci, in aka ba shi 5 sai ya ƙone. In kuma ba a koya wa allon yin barci tsakanin saƙo da saƙo ba, batir ba zai daɗe ba. Saboda haka kada kowa ya sayar da akuyarsa domin wannan. A fara da aiki guda, watau rijiya, a gwada shi rani guda cur. Gani ya kori ji.

Shawarata ita ce a yi shi irin na gayya. Masu lambu goma da ke maƙwabtaka su haɗa kuɗi, uwa guda ta ishe su, a ɗora eriyarta bisa dogon gora, kowa ya sa nasa ɗan allon a rijiyarsa. In ya yi, kowa ya amfana. In bai yi ba, hasarar ba ta karya kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan kasuwa masu sayar da kayan lantarki, ku ji tsoron Allah. LoRa ana yinsa a kan zango daban daban, akwai 433, akwai 868, akwai 915, kuma na wannan ba ya jin na wancan. Kada ku cakuɗa wa yaro ku ce duk ɗaya ne. Ku malamai akawuna, ku taimaka da rubuta lissafi: nawa aka kashe, man nawa aka tsirar. Da wannan takarda ce za a raba gardama. Malaman Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma, muna roƙo su turo ɗalibansu lambu, domin aikin gama karatu da ya tsirar da injin talaka ya fi wanda ya kwanta a kabad.

Mai lambun dai ya yarda ya ba yaron rijiya guda zuwa faɗuwar ruwa, bisa sharaɗin ba zai taɓa kuɗin taki ba. In Allah ya kai mu za ku ji yadda aka ƙare. Allah ya ba mu albarkar noma, amin.